Neman kalmar Hausa: me za mu kira embouchure a sarewar Ayilan ta bututun roba?

Mai Bututu: Assalamu alaikum. Sarewar ƙasar Ayilan (Ireland) a kwance ake riƙe ta, hudar yatsu shida, muryarta ta ƙasa ita ce wadda makaɗan Turai ke kira D. Da bututun ruwa na PVC mai inci 3/4 ana yin ta a gida. Hudar da ake hura iska, wato embouchure, ce ba mu da sunanta. In ce "baki"?

Kafinta: Wa alaikumus salam. Kalmar ta Faransanci ce, daga bouche, wato baki, amma "baki" zai rikita mu. Bakin bututu shi ne ƙarshensa, kuma a wannan sarewar ƙarshen sama toshe yake. Hudar a jikin bututun take, faɗinta kamar milimita 10, an ɗan ja ta ta yi siffar ƙwai. Ni na ce "mabusa".

Malamin Kiɗa: Malam Kafinta, a rubuce "mabusa" jam'in mabushi ne, sai a zaci masu algaita ake nufi. Sannan kalmar abu biyu take ɗauka, hudar kanta da yadda mai busa ke tsuke leɓɓansa. A raba: "hudar busa" da "kamun leɓe".

Kafinta: Na karɓa. Amma duk mai fassara umarnin aiki ya sani cewa gefunan hudar ba ɗaya ba ne. Gefen nesa, wanda iska ke bugawa ta rabu biyu, dole ya tsaya da kaifi. Da yawa suna bin sa da samfefa don ya yi santsi, sai sarewar ta koma huci kawai. A fara da ƙaramin bakin dirila a hankali, don gudu yana narka robar ya bar zare-zare, sannan a faɗaɗa da zarton gogewa mai zagaye. Wannan gefen a kira shi "kaifin busa".

Mai Bututu: To abin da ke toshe kan fa?

Malamin Kiɗa: "Matoshi". Fuskarsa ta tsaya nesa da tsakiyar hudar busa gwargwadon faɗin cikin bututun, kusan milimita 20. Kada a manne shi da gam tun farko. Sarewar katako cikinta tsukewa yake yi zuwa ƙasa, bututu kuwa faɗinsa ɗaya ne, shi ya sa muryoyin sama ke faɗuwa ƙasa da inda ya kamata. Tura matoshi kusa da hudar kaɗan yana ɗaga su.

Kafinta: Kuma hudar busa ake fara gamawa kafin ta yatsu. A yanka bututun da rara, a riƙa rage ƙasansa har D ta zauna, wajen santimita 52 zuwa 53 daga tsakiyar hudar. In aka faɗaɗa ta daga baya, duk muryoyin sun tashi, awon ya ɓaci.

Mai Bututu: Na gode. Na rubuta hudar busa, kaifin busa, kamun leɓe da matoshi.