"Zumunta a ƙafa take": ƙafar wa ake nufi?

Ɗan Nesa:
Assalamu alaikum jama'a. Karin maganar da na kawo yau jifana aka yi da ita shekaranjiya, har yanzu wurin bai daina zugi ba. Wata takwas ke nan Innarmu tana kwance, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Ni kuwa ina aiki a wata ƙasa, hutuna sau ɗaya ne a shekara. In na kama hanya ba izini aikin ya tafi, da aikin nan kuma ake sayen magani, ake biyan mai gashin ƙashi. Duk wata ina turawa, kullum ina kira. Yayarmu mace ce ke jinyarta. Shekaranjiya kawunmu, ƙanin Inna, ya kira ni. Na fara yi masa bayanin abin da na aika a watan nan, sai ya katse ni, ya ce, "Ɗana, zumunta a ƙafa take." Bai ƙara komai ba. Don Allah masana, wannan magana ta hau kaina? Wanda tafiya ta gagare shi amma hannunsa bai tsaya ba, shi ma ya yanke zumunci ke nan?

Mai Alƙalami:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. A fahimtata ƙafa a nan tana wakiltar ɗawainiya: ka bar sabgarka, ka sha ƙura, ka je. Lokacin da aka yi maganar babu wata hanyar nuna kulawa sai takawa, shi ya sa aka ambaci ƙafa. 'Yar'uwarta ita ce "zuwa da kai ya fi aike". Amma ka lura, ta biyun cewa ta yi ya fi, ba ta ce aike banza ba ne. Kuma inda aka saba faɗar ta farkon shi ne ga wanda yake da halin zuwa gaisuwa ko dubiya ko jaje, ganda ko girman kai ya hana shi. Wanda ke can yana cin wuya saboda mara lafiyar, ban ga ta hau kansa ba.

Autar Mata:
Malam, ka yi haƙuri, ban yarda ba. Ƙafa dai ƙafa ce. Shekara uku na yi jinyar mahaifina da irin wannan ciwon. Duk bayan awa biyu sai na juya shi, dare da rana, don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Ƙarfe biyun dare zan tashi da fitilar waya ina duba dugadugansa da ƙugunsa, in ga ko fatar ta sauya launi. Ruwa ma da cokali nake ba shi, ina kallon maƙogwaronsa, don in ya shaƙe zai iya gangarawa huhu. Yayyena uku suna nesa, kuma wallahi sun yi ƙoƙari, ban taɓa neman kuɗin magani na rasa ba. Amma kuɗi bai taɓa juya Baba ba. Bai taɓa riƙe min shi ina canza zanin gado ba. Ni ban ce Ɗan Nesa ya yi laifi ba. Abin da nake cewa, kada mu sassauta karin magana don mu kwantar wa kanmu da hankali. Zumuncin gidanku a ƙafa yake, yanzu haka ma, sai dai ƙafar Yayarku ce ke ɗauke da shi ita kaɗai.

Matafiyi:
'Yar'uwa, Allah ya saka miki, ba wanda zai raina abin da kika yi. Amma bari mu ma a ji namu. Ranar da zan bar gida dangi kaf suka taru suna sa min albarka, ba wanda ya tuna min cewa zumunta a ƙafa take. Sai da aka saba da saƙon wata-wata, sannan aka fara cewa na manta da gida. Ana son ka zauna can ka riƙa turowa, ana kuma son a waiga a gan ka a bakin gado. Mutum ɗaya ba ya rabuwa biyu. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna kuɗin da 'yan ci-rani suka tura ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki a 2023 ya haura dala biliyan 600, kuma a kowane aike kusan kashi 6 cikin 100 yana tafiya a kuɗin turawa. Gumin mutane ne wannan. Akwai wanda ke tsayuwar awa goma sha biyu a wurin aiki don kuɗin asibitin uwarsa. Wannan tsayuwar da me ake yin ta, ba da ƙafa ba?

Autar Mata:
Da ƙafa ake yi. Amma kai in ka tashi aiki kana komawa ɗaki ka yi barci. Mai jinya ba ta da lokacin tashi.

Ɗalibin Ilimi:
Tunda magana ta zo kan iyaye, akwai abin da ya kamata mu sa a gaba. A cikin Suratul Isra'i, aya ta 23, inda aka hana ce wa iyaye ko da "uf", lafazin ya zo da "indaka", wato in tsufa ya riske su a wurinka. Akwai kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na mutumin da ya zo neman izinin fita jihadi, Annabi (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa na raye, ya ce e, sai aka ce ya koma ya yi jihadinsa a hidimarsu. Ga Uwaisul Ƙarni, mutumin Yaman, ya rayu a zamanin Annabi (SAW) bai samu haɗuwa da shi ba, kuma an yabe shi da biyayyar mahaifiyarsa har aka umurci Sayyidina Umar ya nemi ya roƙa masa gafara. Duk waɗannan suna ƙarfafa kusanci. A ɗaya ɓangaren, ciyar da iyaye mabuƙata da ɗaukar nauyinsu wajibi ne a kan ɗan da ke da hali, kuma ayar ƙarshe ta Baƙara ta ce Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Ni dai abin da zan ce wa ɗan'uwa: ka tambayi Inna da kanka. Haƙƙin nata ne, ba na kawu ba. In ta ce ka zauna ka ci gaba da nema, ka samu hujja. In ta ce ka zo, ka san inda aka dosa.

Gwaggon Yara:
Ɗana Ɗalibi, ka yi magana mai kyau, amma ba ka san uwa ba. Ka tambaye ta sau ɗari, sau ɗari za ta ce, "Zauna abinka, ina samun sauƙi." Ni uwa ce, 'ya'yana biyu suna nesa. Ranar da jiri ya kayar da ni a banɗaki, da yamma babban ya kira, na gyara murya na ce lafiya lau. Me zan ce masa? Ya tayar da hankalinsa a inda ba shi da kowa? Saboda haka ni ban ɗauki maganar kawun nan a matsayin gori ba. Babba ba ya faɗar wasu abubuwa ƙarara. Ba zai ce maka "yayata tana ta raguwa, ka zo ka gan ta tun tana gane ka" ba, bakinsa ba zai iya ba. Sai ya naɗe ta cikin karin magana ya miƙo maka. Kai kuma kana ta lissafin kuɗi. Ka sake kiransa, ka ce, "Kawu, me ka gani?"

Matafiyi:
Gwaggo, Allah ya ƙara girma. Amma shi kawun sau nawa tasa ƙafar ta taka gidan? Na san irinsu, masu jifa da karin magana daga kan kujera.

Gwaggon Yara:
Ba mu san shi ba, kada mu ɗauki alhakinsa. Kuma kada a shiga tsakanin yaro da kawunsa a lokacin da uwarsa ke kwance. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Nas Mai Dare:
Ni aikina jinya ne a asibiti, kuma na ga ɓangarorin biyu. Akwai wani abu da nake so masu zuwa daga nesa su ji, ko da ba zai yi daɗi ba. Wata ƙafar in ta zo, ɓarna take yi. Mutum zai sauka da kwana bakwai a hannunsa da nauyin zuciya na wata takwas, ya ga mara lafiya ta rame, sai ya hau mai jinya da faɗa. Me ya sa ba a canza likita ba, wannan maganin na mene ne, an ce akwai wani mai magani a wuri kaza. Ya birkita tsarin da aka sha wuya aka kafa, ya hau jirgi ya tafi, ya bar mai jinya da kuka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya zo, ya zo da niyyar karɓar aiki, ya bar binciken laifi.

Daga nesa kuma akwai abin yi fiye da tura kuɗi. Ka sa a rubuta maka sunan kowane magani da adadinsa da lokacin shansa, ka ajiye a wayarka, kai ne za ka riƙa tuna ranar da zai ƙare tun saura mako. Maganin hawan jini ba a yanke shi don an ga sauƙi, kuma hawan jini shi ne babban abin da ke jawo shanyewar ɓarin jiki, wanda ya taɓa samu kuma yana cikin haɗarin sake samu. Ka saya musu na'urar awon jini ta gida, a riƙa rubuta sakamako a littafi, a turo maka hoto, a kai wa likita ranar ganinsa. Ka tabbata kowa a gidan, har yara masu wayo, ya san alamomin nan: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe farat ɗaya. In an ga haka asibiti za a nufa nan take, ba a jira a kira ka, domin allurar narkar da gudan jini tana da iyakar lokaci, kusan awa huɗu da rabi daga fara alamar, kuma sai an yi hoton ƙwaƙwalwa kafin a ba da ita. Ka nuna musu ƙarara cewa ba sai an nemi izininka ba.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna: mai jinya ita ma mara lafiya ce da ba a kwantar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinyar masu ciwon mantuwa, waɗanda sun haura miliyan 55 a duniya, mata ne ke ɗaukar kashi 70 cikin 100 na sa'o'in kulawa. A ɗakunan da nake aiki ma haka nake gani, kowane irin ciwo ne. Ɗan Nesa, in ka kira, wa kake tambaya? Na tabbata "ya jikin Inna?" kake cewa. Yaushe rabon da ka ce "Yaya, ke ya naki jikin?"

Mai Alƙalami:
Na karɓi gyaran Autar Mata. Na so in mayar da ƙafa ta zama ɗawainiya kawai, ita kuma ta nuna min akwai ɗawainiyar da sai da jiki. Sai dai ina nan kan cewa ba a faɗar maganar don a kori mutum daga dangi. Kira ce. Wanda aka fid da rai da shi ba a ɓata masa karin magana.

Ɗan Nesa:
Na gode muku duka. Kwana biyu ban leƙo ba, ina bin abin da kuka ce. Na kira Kawu kamar yadda Gwaggo ta ce. Ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce duk lokacin da aka taɓa ƙofa Inna sai ta ɗago kai ta ambaci sunana, in ta ga ba ni ba ne ta mayar da kai. Ya ce sati uku ke nan, kuma Yaya ce ta hana a gaya min. Na kira Yaya, na yi mata tambayar da Nas ta ce. Wallahi shiru ta yi, sai na ji tana jan hanci. Ta ce bayanta ya riƙe tun wata biyu, ɗaga Inna yana gagararta, kuma rabonta da barcin awa huɗu a jere ta manta. Na ce me take so in yi. Ba ta ce kuɗi ba, ba ta ma ce in dawo ba. Cewa ta yi a samo wadda za ta riƙa karɓarta kwana uku a mako da dare. Mun yi magana da ƙannena biyu, mun raba wannan a tsakaninmu, Kawu kuma ya ce shi zai nemo mai amana.

Na kuma je wurin shugabana na roƙi kwana goma ba albashi. Ya ce sai farkon wata mai zuwa. Matafiyi, na san abin da hakan zai ci min, na lissafa, zan je.

Nas, taimaka min da abu ɗaya. Ban taɓa ɗaga mara lafiya ba. In na je ina so daren farko Yaya ta kwanta a wani ɗaki. Yaya ake sauko da Inna daga gado zuwa kujera ba a ji mata ciwo ba?

Nas Mai Dare:
Allah ya kawo ka lafiya. Kada ka taɓa jan ta da hannun hagun nan, kafaɗar da ta shanye tana saurin gocewa, kuma zafinta yana daɗewa. Ka ajiye kujerar dab da gado ta ɓangaren damanta, inda take da ƙarfi. Ka fara zaunar da ita a bakin gado ƙafafunta a ƙasa, ka ba ta ɗan lokaci jiri ya sake ta. Sannan ka tsaya a gabanta, ka lanƙwasa gwiwoyinka, ka riƙe ta ta ƙugu, gwiwarka tana tokare da gwiwarta ta hagu, ku ƙirga uku tare ku miƙe. Amma sau biyun farko ka bar Yaya ta yi kana kallo, in mai gashin ƙashi ya zo ka sa ya duba yadda kake yi. Ita ta san inda Inna ke jin zafi, ni ban sani ba.