Neman kalma: me za mu kira "fidbak" a darasin lissafi?

Malamar Aji Biyar: Salamu alaikum. Ranar Asabar zan jagoranci bitar malaman firamare na ƙauyukanmu a nan Ringim, kuma da Hausa nake son yi. Na maƙale a "fidbak". Ga abin da nake nufi: yaro ya tara rabi da sulusi ya samu 2/5. Maimakon in zabga masa jan biro, sai in ce, "Rabin mudu aka ƙara wa gero, ya za a yi ya koma ƙasa da rabi?" Ya yi shiru, ya gano da kansa. Ni kuma na fahimci ashe sama da sama, ƙasa da ƙasa yake tarawa. Wannan kai-komon nake nema wa suna.

Malamin Taura: Gyara.

Malamar Aji Biyar: Malam, in yaron ya yi daidai fa, na nuna masa inda ya yi kyau?

Ɗalibin Kwalejin Gumel: Martani muke cewa.

Tsohon Hedimasta: Martani na abokin gardama ne, ɗana. Ni tun ina koyarwa amsa-kuwwa nake cewa. Ka yi kira, dutse ya dawo maka da shi.

Malamin Taura: Ranka ya daɗe, dutse abin da ka faɗa yake maimaitawa. Ba ya ƙara komai. Tsokaci fa? Ko ta'aliƙi?

Tsohon Hedimasta: Mun gudu daga Turanci mu faɗa Larabci? Haka kuka bar yara suna cewa "taimis" alhali ga "sau" da ninkawa.

Ɗalibin Kwalejin Gumel: Baffa, ai lissafi da darasi da sulusi duk daga Larabci suke. Suna cikin Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006.

Tsohon Hedimasta: Ku 'yan kwaleji komai sai an buɗe muku littafi. Kakarka ta taɓa cewa ta'aliƙi?

Malamar Aji Biyar: Don Allah a dawo. Yara sun fi saba'in a ajina, na baya ba sa ɗaga hannu sai sun ga ana duba aikinsu da gaske. Shi nake so malamai su kama.

Alaramma: A tsangaya yaro ya biya allonsa, malam ya saurara, ya gyara, sannan ya ƙara masa. Ku ɗauka daga nan.

Malamar Aji Biyar: Allah gafarta Malam, wannan misalin da shi zan buɗe. A takarda zan rubuta "tsokacin malam kan aikin ɗalibi". Ɓangaren abin da malami ke koya daga yaro bai samu suna ba tukuna.

Tsohon Hedimasta: Ya yi tsawo. Sa shi haka na Asabar, amma ki ambaci amsa-kuwwa ki ji abin da malamai za su ce.