Kuɗin wata na masu buƙata ta musamman a Sakkwato: ta wace ƙofa kuka shiga?

Ƙanin mai jinya, Runjin Sambo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yayana direba ne, bara ya yi hatsari a hanyar Illela, lakarsa ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa babu motsi. Yana da mata da 'ya'ya biyar. Kowa ya zo dubiya da tasa shawarar: wannan ya ce gwamnatin jiha na biyan nakasassu duk wata, wancan ya ce Hukumar Zakka za mu je, wani ma ya ce ta waya ake cike fom a tura Abuja. Na gaji da "an ce". Don Allah wanda ya taɓa karɓa da hannunsa, ko ya tsaya wa wani har ya samu, ya faɗa mana ta inda ya bi.

Mai gyaran waya, Mabera

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Yaya lafiya, ya sa kaffara ce. Ni shan inna ta kama ni tun ina goye, da keken hannu nake yawo, kuma ina cikin waɗanda suka fara karɓa. Kuɗin gaskiya ne. A zamanin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko aka fara, naira 6,500 duk wata. Daga baya biyan ya tsaya na wani lokaci, sai Gwamna Ahmad Aliyu ya hau a 2023 ya dawo da shi, ya mai da shi naira 10,000.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne, ba wurin da za ka je ka ce "ga ni" a rubuta ka nan take. Jerin sunaye ne, kuma daga ƙasa yake tasowa. Ni ta hannun Sarkin Guragu na shiyyarmu sunana ya shiga, shi ya miƙa ga ƙaramar hukuma, sannan aka kira mu tantancewa, aka gan mu ido da ido, aka ɗauki hoto. Makafi da nasu sarkin, kutare da nasu, kurame da ƙungiyarsu. Wanda bai san kowa a cikin waɗannan ba, ko ya fi kowa cancanta, ba a san da zamansa ba. Irin Yayanku da larura ta same su da girma su suka fi faɗawa wannan ramin, don ba su taso cikinmu ba, wasu ma kunya suke ji a gan su tare da mu. Ku cire masa wannan kunyar tukuna. Ku nemi masu larurar laka ta hannun haɗaɗɗiyar ƙungiyar nakasassu, JONAPWD, reshen jiha, ya zama mamba.

Kada kuma ku ɗora gida a kan kuɗin. Lokacin da nake karɓar 6,500 litar fetur naira 65 ce. Yau ta ninka fiye da sau goma, kuɗin kuwa ko ninki biyu bai yi ba. Ni gyaran waya ke ciyar da ni, na gwamnati sabulu ne da tayar keke.

Ƙanin mai jinya, Runjin Sambo

Na gode Malam. To amma mutumin da ko zama bai iya yi sosai, ga gyambon kwanciya a bayansa, ta yaya za mu kai shi tantancewa?

Ma'aikaciyar jinya mai ritaya, Arkilla

Ɗana, bar maganar kuɗin wata tukuna, gyambon nan shi ne na gaggawa. A riƙa juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, kada fitsari ya zauna a jikinsa, kuma likita ya ga wurin. Gyambon kwanciya in ya ci ya kai ƙashi yana kisa.

Ga abin da na yi wa maƙwabciyata da ta samu shanyewar ɓarin jiki. Mun karɓi rahoton likita mai hatimi daga asibitin da ta kwanta, mun samu takardar mai unguwa, hakimi ya sa hannu, na rubuta takardar neman taimako muka kai Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha. Ba albashi suka sa mata ba, kada a ruɗe ku. Kuɗin magani suka taimaka da shi, daga baya da aka yi rabon keken guragu ta samu. Hukumar tana da kwamitoci a gundumomin hakimai, saboda haka wanda ke ƙauye ya fara ta can. Ka yi kwafin kowace takarda ka ajiye, ainihin rahoton likita kuma kada ya bar hannunka. Ka kuma je asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku ka tambayi rajistar marasa galihu ta SOCHEMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha.

Malamin makaranta, makaho, Tudun Wada

Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni zan ƙara da doka, don yawancinmu roƙo muke yi a inda muke da haƙƙi. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce a fara sallamar mu a layi, ta ce karatu kyauta har sakandare, ta ce hukumomin gwamnati su ware mana aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su yi hanyar keke, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Wanda ya nuna wariya, in mutum ne tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, in kamfani ne miliyan ɗaya. Ita ce ta kafa hukumar nakasassu ta ƙasa da ke Abuja, wadda Ayuba Gufwan ke jagoranta tun 2024, kuma ita ke da hurumin ba da takardar shaidar nakasa. To wannan takarda shaida ce, ba ita ke sa a fara turo maka kuɗi ba.

Ni wahalata ba a shiga jeri ta kasance ba, a banki ce. Wani banki a nan cikin gari ya ce ba zai ba ni katin cire kuɗi ba sai na kawo mai ido ya tsaya mini. Ni da nake koyar da 'ya'yan mutane, ni ne ba zan iya riƙe lambobi huɗu ba! Na karanta wa manajan abin da doka ta ce, ba faɗa, ba ɗaga murya, aka ba ni. Amma tsofaffin makafi nawa ne za su iya haka? Yawanci katin yana aljihun ɗan jagora, shi ke zuwa wurin mai POS, shi ya san ko kuɗi sun shigo. In yaron kirki ne, to. Shawarata: lambar wayar da alat zai riƙa shigowa ta zama wadda ke hannun mai larurar ko matarsa.

Ɗiyar wani dattijo, Amanawa

Malam, ku ma kun ji daɗi, kuna da yatsu. Babana kuturta ta cinye nasa tun kafin a haife ni. Ya warke, a asibitin nan na Amanawa ya sha magani, amma da aka koma biya ta asusu sai da NIN da BVN, na'ura kuma yatsa take nema. Mun je wani wurin rajista, yaron ya ɗora hannun Baba a kan gilashi yana kawar da kai, ya ce mu tafi ba zai yiwu ba. Baba bai yi magana ba har muka iso gida. A wani wurin ne muka dace da babban ma'aikaci, ya ce akwai gurbin da ake cikewa ga wanda ba shi da yatsu, ya ɗauki hoton fuska ya sallame mu. Duk wanda aka kora kan yatsu ya ce a haɗa shi da shugaban wurin.

Uwar Kurma, Gwadabawa

Ni ba kuɗi na nema ba, makaranta na nema. Ɗiyata sanƙarau ya toshe mata kunne tana shekara huɗu. Dangin ubanta suka ce a bar ta gida, me kurma za ta karanta? Na kai ta makarantar masu buƙata ta musamman ta A.A. Raji da ke cikin garin Sakkwato, ta zauna wurin ƙanwata. Yanzu tana rubuta mini saƙo a waya, ni ce ma nake koyon maganar hannu a wurinta. Sabulu, takalmi da kuɗin mota duka a kaina suke, wannan kam ba wanda ya ɗauke mini.

Ɗan kasuwa, Tsohuwar Kasuwa

Jama'a a yi hattara da masu sayar da fom. Sun ci kuɗin ƙanwata gurguwa da sunan za su sa ta cikin tallafin naira 25,000 ɗin nan na gwamnatin tarayya da aka ce za a biya wata uku. Wancan daga rajistar marasa galihu ta ƙasa ake ɗibar sunaye, ita kuma ma'aikata ke shiga unguwa, jama'a su nuna gidajen da suka fi talauci, a bi a rubuta. Ba a sayen ta. Duk wanda ya ce ka turo lambar da ta shigo wayarka, ɓarawo ne.

Baƙo daga gabas, yanzu a Gidan Igwai

Ku yi haƙuri in hwaɗi nawa. Mu mutanen ƙasar Sabon Birni ne, ɓarayin daji sun ka tashe mu. Innata makauniya ta, sunanta na cikin jeri tun da daɗewa, tana amsa. Ranar da an ka yi sabuwar tantancewa muna nan birni, hanya ba ta biyuwa, ko labari ba mu ji ba sai bayan an gama. An ka ce ba ta zo ba, an ka cire ta. Nan kuma an ce ita ba 'yar wagga ƙaramar hukuma ba ce. To ina za mu?

Mai gyaran waya, Mabera

Subhanallahi. Ɗan'uwa, tambayarka da ta mai Runjin Sambo ɗaya ce, kuma nan ne tsarin ya fi ciwo. Na san dalilin tantancewa, an sha samun sunayen matattu da na masu lafiya garau a jeri, dole a duba. Amma tantancewar da sai ka zo da ƙafarka, mai ɗan ƙarfi irina take wa daɗi. Na kwance da wanda aka kora daga garinsu su ke faɗuwa.

Abin da na ga ya yi aiki sau da dama shi ne shugaban ƙungiya ya tsaya da bakinsa ranar tantancewa ya ce akwai nawa a kwance, a ba shi ma'aikaci ɗaya su je gida, ko a kawo mutum a Keke Napep a duba shi daga ciki ba sai ya sauko ba. Kai kuma na gabas, ka nemo Sarkin Makafin garinku, da wuya in shi ma ba nan birni yake gudun hijira ba. Shi ya san Inna, shi zai shaide ta a sashen walwala na ƙaramar hukumarku. Ka riƙe tsohon katinta da takardar banki mai nuna biyan ƙarshe da aka yi mata.

Baƙo daga gabas, yanzu a Gidan Igwai

Katin ya ƙone da ɗaki. Takardar banki dai ina iya amsowa. Ita kaɗai ta isa?

Malamin makaranta, makaho, Tudun Wada

Ka amso ta, ka ce su buga hatimi a kowane shafi. Ka haɗa da NIN ɗinta da hoto biyu, ka samo takardar hakiminku ko wakilinsa. Ka turo mini saƙo ta gefe in rubuta muku takardar koke, kai da mai Runjin Sambo duka, ku kai da kanku, a sa muku hannu a kwafi cewa an karɓa.