Mantuwar Baba: tsufa ne ko munshari?

Yaya Babba: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya likita ya ce mantuwar Baba na iya zama daga munsharinsa, wai numfashinsa na ɗaukewa cikin barci. Ni fa ban yarda ba. Mutum ya haura 60, ai mantuwa dole ce.

Kawu: Haka ne. Mu a saninmu mai munshari shi ya fi kowa samun barci.

Umma: Yaya, ni nake kwana ɗaki ɗaya da shi. Yana cikin jan munshari sai ya yi tsit, ƙirji na motsi amma iska ba ta shiga, har sai na kai hannu. Can sai ya fizgo numfashi kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Da safe ya ce kansa na ciwo, bakinsa ya bushe.

Anti Nas: Abin da Umma ta faɗa shi ne ciwon. Naman maƙogwaro ne ke saki ya toshe hanyar iska. Idan tsayawar ta kai daƙiƙa 10 ake ƙirga ta, kuma daga sau 30 a awa ɗaya an shiga mataki mai tsanani. Duk lokacin da ya faru oksijin na raguwa a jini, ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum bai sani ba. To a cikin barci mai nauyi ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka ji da rana, kuma sashen da ke wannan aikin, hipokampus, ba ya jure ƙarancin oksijin.

Yaya Babba: Ni ma ina munshari, Anti, ban manta komai ba.

Anti Nas: Ba kowane mai munshari ke da shi ba, Yaya. Amma Baba ga hawan jini, ga ƙiba, ga gyangyaɗi.

Auta: Ranar Juma'a a kafaɗata ya yi barci ana huɗuba. Sau uku ya tambaye ni ko na biya kuɗin wuta, alhali labarin makarantar allonsu bai manta ko ɗaya ba. Abin ya tsaya min a rai.

Kawu: Gigin tsufa ma haka yake farawa, Auta.

Anti Nas: Gaskiya ne Kawu, shi ya sa nake so a yi gwajin barci a rarrabe. In ɗaukewar numfashin ce, akwai na'urar CPAP mai hura iska ta hanci, tun 1981 aka fito da ita a Ostireliya.

Yaya Babba: Da wace wutar za ta kwana tana aiki?

Anti Nas: Za mu yi karo-karo a sa sola. Kafin nan Umma, a hana shi kwanciya rigingine, ya riƙa juyawa gefen dama, kuma kar a ba shi maganin barci.

Yaya Babba: Ina nan kan bakata. Amma ni zan kai shi gwajin, a tura min ranar.