Murya tana riga hoto bayan na fitar da bidiyo

Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah a taimaka min, kwana uku ke nan abin nan ya hana ni sakat. Na ɗauki wata hira, rabi da kyamara mai ɗaukar firam (wato hoto) 25 a sakan, rabi da waya mai 30. Na haɗa su a kan 25, na fitar a MP4 da H.264 (tsarin matse bidiyo). A cikin manhajar da nake haɗa bidiyon komai lafiya lau, amma bayan fitarwa, wajen minti na takwas sai ka ji magana kafin baki ya motsa, hannun mutumin kuma yana tsalle-tsalle in ya ɗaga shi. Ina zargin yawan firam ɗin wayar a sakan ba tsayayye ba ne. In fara daidaita shi da HandBrake (manhajar sauya tsarin bidiyo), ko in mayar da aikin duka kan 30?