Sai an datse wasan Sinawa kafin Bature ya zauna kallo?

Malam Habu: Ni dai ina nan kan bakana. Opera ta Sinawa, wato wasan kwaikwayonsu na waƙa, ba za ta ci kasuwa a Amurka da Turai ba sai an datse ta, an bar wa 'yan kallo faɗa da alkafura. Ko Mei Lanfang, shahararren ɗan wasansu, da ya je New York a 1930, guntaye ya tsinto, kuma kafin kowanne sai 'yar wasa Soo Yong ta fito ta yi bayani da Turanci. Da haka ya samu karɓuwa har aka ba shi digirin girmamawa biyu a California.

Binta: Allah ya gafarta Malam, ai Mei ba ɗan alkafura ba ne. A matsayin mace yake fitowa, da siririyar murya da dogayen hannuwan riga na farin siliki. Da Brecht, marubucin wasan kwaikwayo Bajamushe, ya gan shi a Mosko a 1935, salon ne ya kama shi, har ya yi rubutu a kai. A wasan nan bulala ce doki: ɗan wasa ya ɗaga ƙafa riƙe da ita, ka san ya hau.

Ɗanjuma: Yaya Binta, salo daban, tsawo daban. Wa zai kwana a kujera?

Binta: An kwana kuwa! Wasan The Peony Pavilion na Tang Xianzu, rubutun 1598, fitowa 55 ne. Darakta Chen Shi-Zheng ya nuna shi cif a Lincoln Center da ke New York a 1999, kashi shida, kusan awa 20, har da kududdufi da agwagi masu rai a dandali.

Malam Habu: Yauwa, kin kawo kanki. Agwagin na mene ne in ba jan Bature ba? Shi ya sa a 1998 hukumar al'adu ta Shanghai ta hana 'yan wasan Chen na farko tafiya New York, ta ce an cusa batsa da camfi. Kuma da marubuci Pai Hsien-yung ya yi nasa a 2004, fitowa 27 ya bari, dare uku. Datsewa ce ko ba datsewa ba?

Binta: Datsewa ce, Malam, amma don matasan Sin aka fara yin ta. California sai 2006.

Ɗanjuma: To a rera da Turanci mana, a huta. Jami'ar Hawaii ta yi.

Binta: Nan kam ban yarda ba, ƙanena. Sinanci harshe ne mai karin sauti kamar Hausa, kuma waƙar Kunqu, salon operar da ake yin The Peony Pavilion da shi, kan karin kalmomin aka ɗora ta. Ka rera Bakandamiya da Turanci ka ji abin da zai rage. A bar fassara a allo saman dandali.

Malam Habu: Allon na yarda. Awa 20 ɗin ce dai, ko da tuwo ake rabawa, ban zama.