Budd RDC: tarago ne ko kan jirgi?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu cewa Budd RDC bai yi ƙarko ba. Wannan zalunci ne. Taragon fasinjan nan mai injin dizal a jikinsa, na kamfanin Budd na Amurka (RDC na nufin Rail Diesel Car), ya fito a 1949, aka yi ta ƙera shi har 1962, guda 398, jikinsa ƙarfen da ba ya tsatsa. Shekara sama da 60 bayan an daina ƙera shi, kamfanin jirgin ƙasa na Via Rail yana ɗaukar fasinja da shi tsakanin Sudbury da White River a Kanada. Kamfanonin jirgi ne suka yi masa riƙon sakainar kashi.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, gyara kalmarka. Tarago jan sa ake yi. Wannan kuwa injin Detroit Diesel biyu ne kwance a ƙarƙashinsa, kowanne silinda 6, ƙarfin doki 275. Kowane inji yana tura aksul ɗaya, na ciki, ta furofela. Ga ɗakin direba gaba da baya, ba sai an juya shi ba in ya kai ƙarshen layi. Ina tarago a nan?

Ɗan Loko: To kan jirgi ne ke nan, Injiniya? Wane kan jirgi ne yake da kujeru 90 a cikinsa? Samfurin RDC-1 mutum 90 yake ɗauka, RDC-2 mutum 70 da ɗakin kaya. Tsawonsa ƙafa 85, daidai da tsawon da aka saba yi wa taragon fasinja na Amurka a lokacin.

Mai Gareji: Ku duka kun kauce. Mota ce a kan dogo. Babu janareto mai ba ƙafafu wuta kamar na manyan kawunan jirgi. Giyar Allison ce mai aiki da mai: inji ya juya mai, mai ya juya furofela, in gudu ya kankama sai ta kulle kai tsaye. Tozon nan da ke tsakiyar rufinsa lagireto ne da fanka, ta nan ma hayaki ke fita. Ga birkin faifai. In inji ɗaya ya buga, a kashe shi a lallaɓa da ɗayan zuwa tasha, a zare shi ta gefe a sa wani. Ba haka ake yi wa mota ba?

Injiniya: Birkin faifan da kake yabo shi ya jawo rabin matsalarsa da sigina, Mai Gareji. Sigina tana gane akwai jirgi ne in ƙafafu suka haɗa 'yar wutar da ke bin ƙarafan dogo biyu. Birki irin na da yana goge fuskar ƙafa duk lokacin da aka taka. Na faifai ba ya taɓa ta. Sai datti ya taru a ƙafa, dogon ƙaramin layi ya yi tsatsa don rashin zirga-zirga, ga shi shi kaɗai ne, aksul huɗu kacal. In direba ya zuba yashi ya tsaya a kai, sigina na iya nuna layi a buɗe alhali yana nan tsaye.

Baban Khalifa: Jama'a, maganata fa kan ƙarko ce.

Ɗan Loko: Za mu zo nan, Malam. Injiniya, amsa mini wannan: RDC-9, guda 30 da aka yi wa kamfanin jirgin Boston and Maine a 1956, inji ɗaya, kujeru 94, babu ɗakin direba ko ɗaya. Ba ya fita sai an sa shi tsakanin wasu. Me za ka kira shi?

Injiniya: Yana tura kansa. Duk abin da ke tura kansa ba tarago ba ne.

Alhaji Na-Tasha: Abin da ba ya iya jan komai ake wa wannan hayaniya? Budd da kanta ta hana a ɗaura masa taragon da ba shi da inji, wanda ya yi ya rasa garanti, don man giya zafi yake ɗauka. Ku dubi takwaransa na Jamus, VT 98, na 1955: injin Büssing biyu, doki 150 kowanne, amma tun asali an yi shi ne ya ja taragunsa. Aikin Bajamushe daban ne.

Mai Gareji: Haba Alhaji! Abu mai aksul biyu da ba ya wuce kilomita 90 a awa? RDC yana yin 137. Kamfanin jirgin Western Pacific ya sa shi Oakland zuwa Salt Lake City, mil 924, daga 1950 zuwa 1960. Saudiyya ma shi ta saya wa layin Dammam zuwa Riyad. A sa VT 98 a wannan tafiyar mu gani.

Alhaji Na-Tasha: Kai dai komai na Amurka ne ya gama burge ka.

Mai Gareji: Kai ma Marsandi ce ta rufe maka ido, Alhaji, da girmanka.

Ɗan Loko: Bari in tattara, tun da kowa ya faɗi tasa. An tabbatar yana da kujerun tarago da tsawon tarago, ba ya jan komai, wani samfurinsa ko ɗakin direba babu. A farkon shekarun 1980 kamfanin Morrison-Knudsen a garin Boise ya cire wa wasu na Boston inji, aka ci gaba da jan su da kan jirgi, jikin bai ce uffan ba. Saboda haka tarago ne mai inji, kuma Injiniya bai kawo hujja ba.

Injiniya: Ban yarda da wannan tattarawar ba. Sai da aka cire injin suka zama taragu. Kafin nan fa?

Baban Khalifa: Jikin da aka cire wa inji yana da shekara kusan 30 aka ci gaba da zuba masa fasinja, shi nake nufi tun farko. Wa zai ce mini bai yi ƙarko ba?